TAUYE MUDU A MAKARANTUN 'YA'YAN TALAKAWAN AMURKA

'Yan uwa ɗalibai, hanya biyu ake bi a ƙasar Amurka idan an tashi zare kuɗi daga makarantar firamaren 'ya'yan talakawa. Ta farko ita ce a fito fili a ce bana babu, a zaftare kasafi, jaridu su buga, iyaye su ɗauki kwalaye su yi cincirindo a ƙofar ofishin ilimi. Ta biyun kuwa ba a jin motsinta. Kasafi yana nan yadda yake, sai dai a sauya mudun da ake auna talauci da shi, a wayi gari makarantar da jiya kusan duk yaranta talakawa ne, yau takarda ta ce rabinsu sun wadata, alhali kuwa yaran nan su ne dai na jiya, kuma iyayensu ba su bar aikin wanke-wanke da gadi da tuƙin tasi ba. Wannan ta biyun nake son in tona a wannan fitowa, domin ita ce ta fi cin 'ya'yan baƙi, mu kuwa baƙi ne a nan ko da digiri nawa muka tara.

Na san akwai masu cewa ina ruwan biri da gada, mu da muka zo mu yi karatu mu koma gida. To ai da yawa daga cikinmu da iyali suka zo, wasu kuma a nan aka yi musu haihuwa, kuma alawus ɗin ɗalibin digiri na biyu ba ya kama masa gida a unguwar masu hali. Makarantar da ke bakin layinsa, can ɗansa zai je. Ban da mu, ga 'yan uwanmu mutanen zangon Ghana da suka cika Bronx a birnin Niyok, ga 'yan Nijar a Greensboro, ga mata masu kitso da masu kula da tsofaffi a gidaje. 'Ya'yansu ne ake ƙirgawa, ko kuma a ƙi ƙirgawa.

Sai mun fara sanin inda kuɗin makarantar gwamnati yake fitowa a ƙasar nan. Gwamnatin tarayya ba ta ba da abin da ya wuce kusan kashi 10 cikin ɗari a shekarun da babu wata annoba. Sauran jiha ce da gunduma suke raba shi kusan daidai, kuma kason gunduma galibi daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Ke nan unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta ta ƙoshi, unguwar da gidajenta ba su da daraja kuwa sai dai ta lashi tukunya. An kai wannan magana har Kotun Ƙoli. A birnin San Antonio na jihar Teksas, gundumar Edgewood, wadda kusan duk mutanenta 'yan asalin Meksiko ne, ta ɗora wa kanta harajin dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar kadara, abin da ta tara bai wuce dala 26 ga kowane yaro ba. Maƙwabciyarta Alamo Heights ta masu kuɗi ta sa senti 85 kacal, ta tara dala 333 ga kowane yaro. Da aka haɗa da gudummawar jiha da ta tarayya, yaron Edgewood ya tashi da dala 356, na Alamo Heights ya tashi da 594. Talaka ya fi matsa wa kansa, ya kuma fi fita da kaɗan. Duk da haka a 1973 alƙalai 5 suka rinjayi 4, suka yanke cewa tsarin mulkin tarayya bai lamunce wa kowa ilimi a matsayin haƙƙi na asali ba. Wannan hukunci yana nan har yau, shi ya sa duk wata shari'ar kuɗin makaranta ta koma kotunan jihohi, kowa da sa'arsa.

Abin da tarayya ke sakawa don rage wannan giɓi shi ne kuɗin da suke kira Title I, wato Babi na Ɗaya na dokar ilimin firamare da sakandare, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a watan Afrilun 1965. Shi kansa Johnson ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meksiko a garin Cotulla a 1928, saboda haka ya san abin da yake magana a kai. A shekarar 2024 kuɗin Babi na Ɗaya ya kai kimanin dala biliyan 18.4. Idan aka ji adadin sai a ɗauka dutse ne, amma bai kai kashi 3 cikin ɗari na abin da ake kashewa a makarantun gwamnati a faɗin ƙasar ba. Sai dai a makarantar talakawa wannan ɗan kason shi ne albashin malamar da ke zama da yaron da ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba, shi ne mataimakiyar malamar aji ɗaya, shi ne darasin bayan an tashi. Kuma tun da kuɗin na talakawa ne, dole a ƙirga talakawan kafin a raba. A nan gizo yake saƙar.

Mudu na farko shi ne layin talauci na tarayya. Wata ma'aikaciyar gwamnati mai suna Mollie Orshansky ce ta tsara shi a 1963 zuwa 1964. Ta ɗauki kuɗin abinci mafi arha da iyali zai iya rayuwa a kai, ta ninka sau uku, saboda wani binciken 1955 ya nuna cewa iyali na kashe kusan sulusin abin da yake samu a kan abinci. A zamaninta lissafin yana da ma'ana. A 1969 gwamnati ta mayar da shi ma'aunin hukuma, kuma tun daga lokacin babu abin da ake yi masa illa a ƙara masa hauhawar farashi duk shekara. Yau abinci bai wuce kusan kashi 13 na abin da gida ke kashewa ba, muhalli ne ya cinye kusan sulusi, ga kuɗin rainon yara da inshorar lafiya waɗanda lissafin bai san da zamansu ba. A 2025 layin ya tsaya a dala 32,150 a shekara ga iyali mai mutum huɗu, kuma adadi ɗaya ne a jihohi 48, ko a ƙauyen Misisifi kake ko a tsakiyar Niyok. Duk wanda ya taɓa neman hayar ɗaki biyu a Bronx ko a Boston ya san cewa mai samun dala 35,000 da mata da yara biyu, wanda gwamnati ta ce ya haye, bai haye ko'ina ba.

Su ma hukumomin sun san mudun ya tsufa, shi ya sa tun 2011 Hukumar Ƙidaya take fitar da wani ma'auni na biyu wanda ke lissafa haya da haraji da tallafi. A kan wannan na biyun, talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 a 2021, shekarar da aka faɗaɗa rangwamen harajin yara har ana tura wa iyaye kuɗi wata-wata, sannan ya yi tsalle zuwa kashi 12.4 a 2022 da Majalisa ta bar shirin ya mutu. Tsohon mudun kuwa yana nan wajen kashi 15 a duk shekarun biyu, bai ga saukar ba, bai ga hawan ba. Amma da tsohon ake raba kuɗin Babi na Ɗaya tsakanin gundumomi.

Wannan duk a sama ne. Idan kuɗin ya iso gunduma, sai ita kuma ta jera makarantunta daga wadda ta fi talauci zuwa ƙasa. Doka ta ce a fara ba wa duk wadda talakawanta suka haura kashi 75, sannan a gangaro har inda kuɗin ya ƙare. Wadda ta faɗo ƙasan inda aka ja layi ba ta samun ko sisi. To da me gunduma take auna kowace makaranta? Shekara da shekaru da fom ɗin abincin rana ake yi. Tun 1946 akwai dokar ciyar da 'yan makaranta. Iyalin da samunsa bai wuce kashi 130 cikin ɗari na layin talauci ba, ɗansa ya ci kyauta, wanda ke tsakanin 130 da 185 ya biya abin da bai wuce senti 40 ba. A shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, ga iyali mai mutum huɗu, wannan ya kama dala 41,795 da dala 59,478. Uwa ce za ta cike fom ta rubuta abin da gidan ke samu, ba a tambayarta takardar zama, idan ba ta da lambar nan ta Social Security akwai ɗan akwatin da za ta sa wa alama cewa ba ta da ita, shi ke nan. Don ciyarwa aka yi fom ɗin, amma da yake shi ne kaɗai takardar da ke shiga kowane gida, sai ya zama sikelin talaucin makaranta, gundumomi da jihohi suka rataya biliyoyin daloli a wuyansa.

A 2010 aka yi wata doka mai kyau, kuma ina so a ji ni da kyau, na ce mai kyau. Ta ba wa makarantar da talakawa suka yi yawa damar ta ciyar da kowane yaro kyauta ba tare da fom ba. Shirin ya game ƙasa a shekarar karatu ta 2014 zuwa 2015. Babu sauran yaron da za a karɓe wa faranti a gaban 'yan ajinsu saboda ana bin uwarsa bashin abinci, babu sauran a gane ɗan wane ne mai cin kyauta. Sharaɗin shiga shi ne kashi 40 na yaran makarantar su kasance sunansu ya riga ya fito a rajistar wani tallafin gwamnati, a 2023 aka sauko da shi zuwa kashi 25. Rajistar kuwa ita ce ta tallafin abinci na SNAP, wanda mutanenmu ke ce wa fud-istam, da tallafin kuɗi na iyalai, da yaran da ke hannun riƙon gwamnati, da marasa muhalli, a jihohi da dama kuma har da inshorar lafiya ta Medicaid. Kwamfuta ce ke gwama sunayen 'yan makaranta da waccan rajista ta fitar da adadi.

Abinci ya samu, fom ya tafi, kuma da tafiyarsa sikelin ya tafi. Sai gundumomi da jihohi da yawa suka ce ai ga adadin kwamfuta nan a hannu, mu auna talauci da shi. Daga ranar ma'anar talaka ta sauya. Da, talaka shi ne wanda samunsa ya gaza. Yanzu talaka shi ne wanda ya nemi tallafi, aka ga ya cancanta, aka ba shi, kuma aka rubuta sunan ɗansa a ofishin tallafi daidai da yadda aka rubuta shi a makaranta. Ku da kuka san yadda ake rubuta Muhammadu ta hanya biyar, da yadda sunan uba da na kaka ke musayar wuri a fasfo, kun san ko wannan sharaɗi na ƙarshe kaɗai ya isa ya zubar da wasu yaran.

Wane ne ba ya cikin rajistar? Wanda ba shi da takardar zama ba ya samun SNAP. Mai bizar karatu, wato ni da kai, ba ya samu. Dokar 1996 ta zamanin Shugaba Clinton ta sa galibin manyan da suka sami girin-kad su jira shekara 5. Ɗan da aka haifa a nan ɗan ƙasa ne, ya cancanta, amma uwarsa ce za ta je ta nema masa, ita kuwa tana jin tsoron duk wani ofishin da zai rubuta adireshinta. A 2019 gwamnatin Trump ta fito da ƙa'idar da ta ce cin SNAP ko Medicaid zai iya zama hujjar hana mutum girin-kad. Ta fara aiki a Fabrairun 2020, aka jingine ta a Maris 2021, kuma ko a lokacin da take aiki ba ta lissafa abin da yaro ya ci a kan iyayensa ba. Amma wa ya tsaya karanta wannan? Labari ya zaga masallatai da coci-coci da shagunan kitso cewa a janye, mutane suka janye har da 'ya'yansu 'yan ƙasa. Duk yaron da aka janye ya ɓace daga lissafin talaucin makarantarsa, ga shi kuwa zaune a kan kujerarsa. Kotun Ƙoli ta ce tun 1982, a shari'ar Plyler, ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda rashin takardar iyayensa. An buɗe masa ƙofar aji, an kuma cire shi daga takardar da ake raba kuɗin ajin da ita.

Wannan abu ya riga ya faru a wurare da suna. Birnin Baltimo ya fara ciyar da kowane yaro kyauta a 2015, ya koma auna talauci da rajistar tallafi, kuma zuwa 2018 jaridar Baltimore Sun ta ba da labarin yadda makarantun da 'ya'yan baƙi suka yi yawa suka ga adadin talaucinsu ya rufto a takarda, wasunsu suka rasa kuɗin Babi na Ɗaya. A jihar Massachusetts an sauya ma'auni a 2015, sai yaran da ake lissafawa masu ƙaramin ƙarfi suka sauko daga kusan kashi 38 zuwa kusan kashi 26 a shekara guda. Babu wata masana'anta da aka buɗe, babu albashin da aka ninka. Garuruwa irin su Chelsea, inda baƙi suka fi yawa, su suka fi jin jiki, domin kuɗin da jiha ke ba su yana bin wannan adadi. Sai da aka yi shekaru ana kai ruwa rana kafin dokar 2019 ta mayar da ma'aunin kan kashi 185 na layin talauci. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2015 ya kusa gama firamare kafin a gyara.

Masu kare sabon tsarin suna da amsa biyu, kuma ya kamata a saurare su. Ta farko, sun ce ai ana ninka adadin kwamfutar sau 1.6 don a cike waɗanda suka zube. Haka ne, da wannan lissafin ake biyan kuɗin abinci, makarantar da ta kai kashi 62.5 a biya mata duk farantanta a farashin kyauta. Amma rabon Babi na Ɗaya jeri ne, wa ke gaba wa ke baya. A ɗauka ga makarantu biyu, kowacce yara 80 cikin 100 talakawa ne. A ta farko iyayen 'yan ƙasa ne, 55 suna cikin rajista. A ta biyu iyayen baƙi ne, 30 ne kawai a ciki. Ninka kowacce sau 1.6, ta farko ta zama 88, ta biyu ta zama 48. Wadda ke baya tana nan a baya, tazarar ma ƙaruwa ta yi. Amsa ta biyu, sun ce tsohon fom ɗin ma ai ba tsarkakakke ba ne, mutum ne ke rubuta samunsa da hannunsa, kuma kusan kashi 3 cikin ɗari kawai ake bincika. Wannan ma gaskiya ne. To amma kuskuren fom yana warwatse ne a ko'ina, wani ya rage, wani ya manta, wani bai mayar ba. Kuskuren rajista kuwa gefe ɗaya yake karkata kullum, kan mutanen da doka ta riga ta hana tallafi ko tsoro ya hana su nema, kuma mutanen nan a unguwa ɗaya suke taruwa, 'ya'yansu a makaranta ɗaya. 'Yar kasuwar da mudunta wani lokaci ya cika wani lokaci ya gaza, sakaci ne da ita. Wadda mudunta ba ya gazawa sai in baƙo ne ya zo awo, sunanta daban.

A kan wannan lanƙwasasshen mudu ne kuma ake sauke gatarin fili. A Maris 2013 rikicin kasafi tsakanin Majalisa da Shugaba Obama ya jawo yankan bai-ɗaya na kusan kashi 5, Babi na Ɗaya ya rasa fiye da dala miliyan 700, shirin Head Start na yaran da ba su kai shiga firamare ba ya rasa gurbin yara kimanin 57,000. Yankan bai-ɗaya sunansa kawai ke da daɗin ji, domin gundumar masu kuɗi da ma ba ta dogara da tarayya ba. Lokacin korona an zuba wa makarantu kimanin dala biliyan 190, aka raba ta bin tsarin Babi na Ɗaya, wa'adinsa ya cika a Satumban 2024, saboda haka waɗanda suka fi talauci su suka faɗo daga wuri mafi tsawo. A ranar 30 ga Yunin 2025, ana gobe za a saki kuɗin sabuwar shekara, gwamnati ta sanar da jihohi cewa ta riƙe kusan dala biliyan 6.8, ciki har da kuɗin koya wa 'ya'yan baƙi Turanci, da na 'ya'yan leburorin gona masu ƙaura, da na darasin bayan an tashi. Jihohi fiye da 20 suka kai ƙara, aka saki kuɗin a ƙarshen Yuli. Wasu sun ce ai an saki, mene ne abin kuka? Sai su tambayi shugabar makarantar da ke ɗaukar ma'aikata a watan Yuli don a buɗe a Agusta.

Mafi muni a wurina ita ce dokar kasafin da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025. Ofishin kasafi na Majalisa ya ƙiyasta za ta rage kuɗin SNAP da kimanin dala biliyan 186 zuwa 2034. Ta cire 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka daga shirin matuƙar ba su sami girin-kad ba, ta kuma tanadi cewa daga shekarar kuɗi ta 2028 jihohi da dama za su riƙa biyan wani kaso na kuɗin abincin daga aljihunsu, ga kuma yankan Medicaid. Ku haɗa wannan da abin da na faɗa a baya. Duk gidan da aka cire daga SNAP ya rasa cefane, wannan duka na farko. Idan babu wata rajistar da ta riƙe sunan ɗansu, ya fita daga adadin talakawan makarantarsa, makarantar ta matsa ƙasa a jeri, wannan na biyu. Sannan wani jami'i zai tsaya da jadawali ya nuna cewa talauci ya ragu a makarantu. A watan Satumban 2025 kuma Ma'aikatar Noma ta sanar da cewa ta daina fitar da rahoton shekara-shekara na ƙarancin abinci a gidaje, wanda aka shafe kusan shekara 30 ana yi. Wanda ya tauye mudu, ya kuma kori mai duba mudu daga kasuwa, ba ya bukatar ya gaya mana nufinsa.

Akwai wata makaranta da nake zuwa duk ranar Laraba in taya yaran aji biyu karatu, ba zan kama sunanta ba. Akwai wata mata a wurin mai jin Faransanci da ɗan Larabci, aikinta ta zauna da sababbin zuwa, ta kuma buga wa iyaye waya idan yaro ya yi fashi. A bara aka ce gurbinta ba ya cikin kasafi. Aji bai rushe ba, fitila ba ta mutu ba, wanda ya leƙo daga waje ba zai ga komai ba. Abin da na gani shi ne yarinya 'yar shekara bakwai ana kiranta daga aji ta zo ofis ta yi wa wata uwa tafinta a kan maganar da ba ta kamata yaro ya ji ba. Irin wannan asara ba ta shiga jadawalin kowa.

Masu cewa kuɗi ba shi ne matsalar makarantun talakawa ba, tarbiyyar gida ce, tun rahoton Coleman na 1966 suke jan wannan zance, kuma na ji shi a bakin wasu 'yan uwanmu a wurin walima. A 2016 masana tattalin arziki uku, Jackson da Johnson da Persico, sun bi sawun yaran da kotunan jihohi suka tilasta a ƙara wa makarantunsu kuɗi har zuwa girmansu. Sun samu cewa ƙarin kashi 10 a duk shekarun makaranta 12 ya zo da ƙarin kusan kashi 7 a albashin yaron bayan ya girma, kuma tasirin ya fi ƙarfi a kan 'ya'yan talakawa. Ban da haka ma, ban taɓa ganin mai wannan magana ya tashi da kansa ya nemi a rage kasafin makarantar ɗansa don ya gwada mana ba.

Saura namu laifin, kuma a nan zan ɓata wa wasu rai. Gundumomi da jihohi da dama, da suka ga ɓarnar, sun dawo da wata takardar bayyana samun gida wadda ake aikowa a jakar yaro farkon shekara, ko da abinci kyauta ne ga kowa. Makarantun da ba su shiga shirin ciyar da kowa ba kuwa har yanzu da tsohon fom suke aiki. Mutanenmu da yawa ba sa mayar da ko ɗaya. Wani tsoro ne, shi ina yi masa uzuri, ko da yake abincin makaranta bai shiga ƙa'idar 2019 ba, bai kuma shiga wadda ta maye gurbinta a 2022 ba. Wani kuwa girman kai ne tsagwaronsa. Na ji ɗalibin digiri na uku, mai yara uku da alawus ɗin da ni da shi muka san adadinsa, yana cewa shi bai zo Amurka bara ba, matarsa ce ke dafa wa yara abin da za su tafi da shi saboda maganar halal. Malam, babu wanda ya ce ɗanka ya ci abincinsu. Takardar ƙidaya ce. Da ka jefa ta a shara, ka rage wa makarantar mutum uku a lissafi, kuma malamar karatun da za a sallama saboda haka ba ɗanka kaɗai take koyarwa ba, har da ɗan mai gadin da ba ya iya karanta fom ɗin balle ya cike. Mu da ke aika hotunan dusar ƙanƙara gida muna jin nauyin a rubuta mu cikin masu ƙaramin ƙarfi, alhali a ma'aunin ƙasar nan cikinsu muke dumu-dumu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne muka fi kowa dacewa da wannan faɗa a cikin al'ummarmu, mu ne kuma ba a gani. Muna iya karanta jadawali, muna iya rubuta wasiƙa da Turancin da za a amsa. Doka ta wajabta wa kowace makarantar Babi na Ɗaya ta kira taron iyaye sau ɗaya a shekara ta bayyana musu shirin, ta kuma wajabta wa gundumar da ke karɓar fiye da dala 500,000 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari don hulɗa da iyaye, tare da jin ta bakinsu kan yadda za a kashe shi. Zaman hukumar makarantun gunduma a buɗe yake ga kowa, ba a tambayar biza a ƙofa, kuma galibi akan ba jama'a 'yan mintoci su yi magana. Gunduma tana da zaɓi a cikin ma'aunan da doka ta amince da su, tana iya haɗa fiye da ɗaya, jiha ma tana iya karɓar takardar samun gida a kan rajista kamar yadda Massachusetts ta koma yi. Ke nan tambayar da za a yi musu gajera ce: da wane ma'auni kuka jera makarantun bana, kuma ina yaran da iyayensu ba su cancanci SNAP ba suka shiga a lissafin?

Ina ba wa shugabannin ƙungiyarmu shawara, kowane reshe ya fitar da mutum biyu a ƙarshen Agusta da cikin Satumba, su ajiye tebur bayan sallar Juma'a da wuraren suna da biki, da biro da kwafin fom ɗin gundumarsu, su taya iyaye cikewa da Hausa, da Faransanci ga wanda ya fi jin sa, su kuma duba cewa an rubuta sunan yaro iri ɗaya a kowace takarda. A gama kafin Satumba ta fita, domin jihohi da yawa a farkon Oktoba suke ɗaukar ƙidayar da za a yi rabon baɗi da ita.